Injin Bincike da Burauza: Yadda Za Ka Zaɓi Naka, Ka Kuma Tsare Shi daga Masu Kutse

Duk wanda ya sayi sabuwar waya ko kwamfuta yakan tarar an riga an yanke masa shawara biyu tun kafin ya yage leda: manhajar da zai riƙa buɗe intanet da ita, da kamfanin da zai riƙa amsa masa tambayoyinsa. Yawancinmu haka muke karɓa mu ci gaba da amfani har na'urar ta mutu, ba mu canza ba, ba mu kuma duba ko manhajar tana samun gyaran da masu ita suke turowa ba. A cikin waɗannan abubuwa biyu, na farko, wato canza injin bincike, zaɓi ne da ke hannunka, kana iya sauya shi yau ka koma gobe. Na biyu kuwa, wato sabunta burauza, wajibi ne ga duk mai shiga asusun banki, ko imel, ko shafin makaranta ta intanet. Wannan jagora za ta nuna maka yadda ake yin duka biyun, da dalilin da ya sa suka cancanci 'yan mintocinka.

Rarrabe burauza da injin bincike

Burauza ita ce manhajar da ke zaune a cikin na'urarka, wadda ke ɗauko shafi daga intanet ta shimfiɗa maka shi a allo. Chrome da Firefox da Safari da Edge da Opera Mini da Samsung Internet da Phoenix duk burauza ne. Injin bincike kuwa yana can a kwamfutocin wani kamfani mai nisa. Aikinsa shi ne ya zagaya shafuka biliyoyi, ya tattara su a kundi, sannan in ka rubuta tambaya ya jero maka waɗanda yake ganin sun fi dacewa. Google da Bing da DuckDuckGo da Yandex suna cikin wannan rukuni.

Abin da ke rikita mutane shi ne kamfani ɗaya ne ke da Chrome, da injin Google, da kuma Android ɗin da ke tafiyar da wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung. Amma ɗaurin da ke tsakaninsu ba na dole ba ne. Kana iya amfani da Chrome kana bincike da Bing, ko ka yi amfani da Firefox kana bincike da Google. Riƙe wannan bambanci da kyau, domin injin bincike masu shi ne ke gyara shi a wurinsu ba tare da ka sani ba, ita kuwa burauza tana hannunka, kuma gyaranta ba ya kammala sai ya sauka a na'urarka.

Gasar da ake yi a kan akwatin bincikenka

Larry Page da Sergey Brin sun kafa Google a 1998, lokacin da Yahoo da AltaVista ke tashe. Yau kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken da ake yi a duniya ta Google yake bi. Ingancin sakamakonsa ya taimaka ƙwarai wajen kai shi nan, amma akwai wani dalili da ya fito fili a kotu. A watan Oktoban 2020 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta maka kamfanin a gaban kotun tarayya da ke Washington. A yayin shari'ar aka bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga kamfanonin waya da na burauza da na sadarwa don su sanya shi a matsayin injin da mutum zai tarar an saita masa. Apple shi kaɗai ya karɓi kimanin dala biliyan 20 a 2022. Hatta Mozilla, masu Firefox, mafi yawan kuɗin shigarsu daga irin wannan yarjejeniya da Google yake fitowa.

Ranar 5 ga Agustan 2024 mai shari'a Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa doka. A Satumban 2025 ya faɗi matakan gyara: bai tilasta wa kamfanin sayar da Chrome ba, amma ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da za ta rufe wa abokan hamayya ƙofa, ya kuma umarce shi ya buɗe wa wasunsu wani ɓangare na bayanan bincike. Tarayyar Turai ta riga Amurka. A 2018 ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34 saboda yadda ya ɗaure injinsa da Chrome a jikin Android, abin da ya sa daga baya masu sayen waya a can suke ganin allon da ke tambayarsu injin da suke so. Irin wannan dambarwa ta taɓa faruwa da Microsoft, wanda gwamnatin Amurka ta kai ƙara a 1998 saboda cusa burauzarsa Internet Explorer a cikin Windows don ya danne burauzar Netscape.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma a bayyane yake. Kamfani ba zai zuba biliyoyin daloli a kan saiti ɗaya ba sai don ya san mutane ba sa taɓa shi. A Najeriya da Nijar da Ghana babu allon da zai fito ya tambaye ka, don haka kai ne za ka shiga saitin da kanka.

Su wane ne a filin

Bing na Microsoft ya fito a 2009, yana da kundinsa na kansa, kuma shi ne ke ciyar da binciken Yahoo. DuckDuckGo, wanda Gabriel Weinberg ya kafa a 2008, ya yi suna ne da rashin tara tarihin binciken mutum don yi masa talla, kodayake yawancin sakamakonsa daga Bing yake samowa. Startpage yana kawo maka sakamakon Google amma ya tsaya a tsakani don kada a gane kai ne mai tambaya. Brave Search, da ya fito a 2021, ya gina kundinsa. Ecosia na ƙasar Jamus yana sa ribarsa a dashen itatuwa. A Rasha Yandex ne a gaba, a Sin Baidu, a Koriya ta Kudu kuma Naver yana da ƙarfi sosai.

Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 gasar ta ɗauki sabon salo. Microsoft ya haɗa Bing da ƙirƙirarriyar basira a farkon 2023, Google kuma ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa a saman sakamakonsa a 2024. Waɗannan amsoshi suna rage wahala, amma suna yin kuskure, kuma kuskurensu kan zo da cikakken ƙarfin gwiwa. A kan magani, ko kuɗi, ko hukuncin addini, ko ranar rufe rajistar jarrabawa, buɗe shafin da aka ciro maganar daga cikinsa ka karanta da idonka.

Wajen zaɓe, gwada da tambayoyin da kake yi a zahiri. Ɗauki guda biyar: ɗaya da Hausa, ɗaya a kan wani wuri a garinku, ɗaya a kan sana'arka, ɗaya a kan labarin da ake ciki, ɗaya a kan wata hukuma. Rubuta su a injuna biyu ko uku ka kwatanta. Wanda ya fi kawo maka abin da kake nema, tallansa kuma bai cika maka ido ba, shi ne naka. Mai rubutu da Hausa ya gwada kalma da ƙugiya, ya kuma gwada ta babu ƙugiya, domin rubuce-rubuce da yawa an buga su ne da k da d da b zalla, kuma sakamakon kan bambanta.

Yadda ake canza injin bincike

A Chrome na wayar Android, taɓa ɗigo ukun da ke sama a dama, shiga "Settings", sannan "Search engine", ka zaɓi wanda kake so. A Chrome na kwamfuta ma hanyar ke nan. A Firefox, shiga "Settings", sai "Search", sai "Default search engine". A iPhone ana canzawa ne daga saitin wayar: buɗe "Settings", nemi Safari, wanda a sababbin wayoyi yana ƙarƙashin "Apps", ka taɓa "Search Engine". A Edge, buɗe "Settings" ka rubuta "address bar" a akwatin neman saiti, zai kai ka wurin.

Akwatin binciken da ke fuskar yawancin wayoyin Android na manhajar Google ne, canjin da ka yi a burauza ba zai shafe shi ba. In kana son wani, ɗauko manhajar injin da ka zaɓa daga Play Store ka ɗora akwatinta a fuskar wayar.

Akwai alama guda da ya kamata ka kula da ita. Idan wata rana ka ga bincikenka yana fita ta wani injin da ba ka taɓa jin sunansa ba, kuma ba kai ka canza ba, to wata manhaja ce ta yi maka shisshigi. Ka koma saitin ka gyara, sannan ka binciki abin da ka saka a na'urar kwanan nan ka cire shi.

Bincike da ido buɗe

Kowane injin ka zaɓa, sakamakon farko sau da yawa talla ne, kuma za ka ga an rubuta "Sponsored" ko "Ad" da ƙananan haruffa a kansa. Wanda ya biya kuɗi ne ke hawa nan, kuma 'yan damfara ma suna biya. A Disamban 2022 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa masu laifi suna sayen talla a injunan bincike da sunan sanannun kamfanoni, su ja mutum zuwa shafin bogi mai kama da na gaske, su sace masa kalmar sirri ko su sa shi ya sauke muguwar manhaja. A wajenmu wannan tarko ya fi kama masu neman aikin gwamnati, da masu neman tallafi ko bashi, da ɗalibai masu duba sakamakon jarrabawa.

Maganinsa shi ne karanta adireshin kafin ka taɓa, kuma ka karanta shi daga ƙarshe. Sashen da ke daf da karkatacciyar sanda (/) ta farko bayan https://, ta hagunta, shi ne ainihin sunan mai shafin. Hukumomin gwamnatin Najeriya adireshinsu kan ƙare da gov.ng, kamar jamb.gov.ng, manyan makarantu kuma da edu.ng. Adireshin da ya fara da sunan hukuma amma ya ƙare da wani baƙon suna, ba nata ba ne. Alamar kwaɗo ko haruffan https suna nufin ba mai iya leƙa abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, amma ba su tabbatar da amanar mai shafin ba, domin ɓarawo ma yana samunsu kyauta.

Dabaru uku za su rage maka yawo. In ka sa jimla tsakanin alamomin zance, injin zai nemo ta yadda take. In ka rubuta site:gov.ng bayan tambayarka, zai tsaya a shafukan gwamnati kawai. In ka ƙara filetype:pdf, zai kawo maka takardu. Shafin bankinka kuwa, da na imel, da na makaranta, rubuta adireshinsu daidai sau ɗaya ka adana a burauza, ka daina neman su ta bincike.

Dalilin da ya sa sabuntawa ta zama dole

Duk shafin da ka buɗe yana turo wa burauzarka umarni da hotuna da bidiyo waɗanda wasu mutane da ba ka sani ba suka shirya, ita kuma ta aiwatar da su a cikin na'urarka. An gina ta da katanga don kada waɗannan abubuwa su tsallaka zuwa hotunanka da saƙonninka da kalmomin sirrinka. To amma manhaja ce mai layukan rubutu miliyoyi, kuma ba a rasa kuskure a irin wannan gini. Idan mai kutse ya gano kuskuren da zai ba shi hanyar tsallake katangar, buɗe shafinsa kawai ya isa ya shigo, ko da ba ka sauke komai ba.

Misalai biyu sun isa. A Satumban 2023 masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto, tare da injiniyoyin Apple, suka bankaɗo ɓaraka a manhajar da ke buɗe hotuna nau'in WebP. Hoto guda da aka shirya da mugun nufi yana iya buɗe wa mai kutse ƙofa. Da yake Chrome da Firefox da Edge da Brave duk da wannan manhaja suke buɗe irin hotunan, dukansu sai da suka fitar da gyaran gaggawa cikin 'yan kwanaki. A Agustan 2024 kuma Google ya toshe wata ɓaraka a Chrome wadda Microsoft ya ce wasu masu kutse daga Koriya ta Arewa sun riga sun yi amfani da ita a kan masu hada-hadar kuɗin kirifto.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne haɗarin yana ƙaruwa ne bayan an fitar da gyara. Chrome an gina shi a kan wani tushe mai suna Chromium, wanda rubutunsa a buɗe yake ga kowa. Da zarar an gyara kuskure, mai kutse zai iya duba abin da aka canza ya gane inda ramin yake. Tamkar a yi shela ne a kasuwa cewa kwaɗo kaza yana buɗuwa da ƙusa: masu shago sun ji, ɓarayi ma sun ji, kuma wanda ya kwana bai canza nasa ba shi ne a sahun gaba. Haka ta faru a Mayun 2017 lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta durƙusar da kwamfutocin asibitoci a Ingila da na kamfanoni a ƙasashe da dama, alhali Microsoft ya fitar da maganin ramin tun watan Maris. Google ya koma fitar da sabuwar sigar Chrome duk mako huɗu a 2021, kuma don rage irin wannan haɗari ya ƙara da gyaran tsaro na mako-mako daga 2023. Edge da Brave da Opera da Samsung Internet duk a kan Chromium suke, don haka ramin da aka samu a Chrome galibi yana jikinsu, kuma kowannensu sai ya turo nasa gyaran.

Sabuntawa a wayar Android

1. Buɗe Play Store, taɓa hotonka da ke sama a dama, shiga "Manage apps & device".
2. Taɓa "Updates available". In ka ga Chrome ko wata burauza a jerin, danna "Update".
3. A jerin nan nemi "Android System WebView" ka sabunta shi. Shi ne ke buɗe shafuka a cikin manhajoji da yawa idan ka taɓa linki ba tare da ka fita zuwa burauza ba. Mutane kan tsallake shi don ba su san aikinsa ba.
4. Koma "Settings" na Play Store, shiga "Network preferences", sai "Auto-update apps", ka tabbata ba a kashe shi ba.
5. A saitin wayar kanta, nemi "System update" da "Google Play system update", ka saukar da abin da ke jira, sannan ka kashe wayar ka kunna.

Duba duk burauzar da ke wayar, har da wadda ba ka amfani da ita. Wayoyi da yawa suna zuwa da biyu ko uku, kuma linki yana iya buɗewa a wadda ka manta da ita. Wadda ba ka buƙata ka cire ta, in ta ƙi cirewa ka shiga "Apps" ka danna "Disable".

Sabuntawa a iPhone da kwamfuta

A iPhone, Safari tana sabuntuwa ne tare da manhajar wayar gaba ɗaya. Shiga "Settings", "General", "Software Update", ka kunna "Automatic Updates". Sauran burauzoji ta App Store ake sabunta su.

A kwamfuta, buɗe Chrome ka rubuta chrome://settings/help a wurin adireshi. Zai duba da kansa, ya saukar da sabuwar siga, sannan ya nuna maka "Relaunch". Danna shi. Nan ne da yawa suke tsayawa: gyaran ya sauka amma bai fara aiki ba, saboda mutum ya yi makonni yana rufe murfin laftof bai taɓa rufe burauzar ba. Kada ka ji tsoron rasa shafukan da ka buɗe, za su dawo, sai dai waɗanda ka buɗe a yanayin sirri. A Edge adireshin shi ne edge://settings/help. A Firefox, taɓa layuka ukun da ke sama, shiga "Help", sai "About Firefox".

Idan data ta yi tsada

Da yawa daga cikinmu mun kashe sabuntawa ne don tsimin data, kuma uzuri ne na gaske. Amma akwai hanyar tsakiya. Play Store ba ya sake sauke manhaja gaba ɗaya, ɓangaren da ya canza kawai yake ɗaukowa, don haka kuɗin bai kai yadda ake zato ba. Kana iya barin sauran manhajoji sai ka samu Wi-Fi, amma burauza da WebView da manhajar banki ka sabunta su da hannu duk mako. Garaɓasar datar dare da kamfanonin sadarwa ke sayarwa ta wadatar da wannan aiki.

Abin da ya kamata ka guje wa shi ne karɓar burauza ta Xender ko daga kwamfutar mai tura manhajoji a kasuwa. Sau da yawa tsohuwar siga ce, kuma ba ka da hanyar sanin ko an yi mata cushe. In ka kai waya gyara aka yi mata filashin, abu na farko da za ka yi bayan ka karɓo ta shi ne buɗe Play Store ka sabunta komai kafin ka shiga asusunka. Masu amfani da Opera Mini kuma su sani cewa a yanayin matsanancin tsimin data, shafi yakan bi ta kwamfutocin kamfanin a matse shi kafin ya iso. Yana da kyau ga karanta labarai, amma harkar kuɗi a yi ta a manhajar banki ko a cikakkiyar burauza.

Na'urar da aka daina tura wa gyara

Wani lokaci burauza za ta ce maka ita ce sabuwa, alhali an yi shekaru da daina kula da ita, saboda manhajar da ke tafiyar da na'urar ta tsufa. Microsoft ya janye tallafi daga Windows 7 a Janairun 2020, kuma Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe da ke aiki a kanta da kan Windows 8.1. Internet Explorer an yi masa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kodayake Microsoft ya ce Edge za ta ci gaba da samun gyara a kanta har 2028. A waya kuma, daga Chrome 139 na Agustan 2025 sai Android 10 zuwa sama. Masu Android 8 da 9 sun tsaya a 138, amma Firefox ya ci gaba da tallafa musu a lokacin da Chrome ya janye.

Don haka duba lambar sigar burauzarka a "About Chrome", ka kuma duba lambar Android ɗinka a "About phone". In na'urarka ta faɗa cikin waɗanda aka bari, nemi burauzar da har yanzu ake gyara wa irinta. Tsohuwar kwamfuta ana iya ɗora mata Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, kyauta, ta ci gaba da samun sabuwar Firefox. In duk wannan bai yiwu ba, ware na'urar ga kallo da buga takardu, ka ɗauke harkar banki da imel daga kanta. Mai sayen waya ta hannu ya tambayi lambar Android kafin ya tambayi ƙarfin kyamara.

Sabuntawar bogi

'Yan damfara sun san ana yi wa mutane wa'azin sabuntawa, sai suka mai da ita tarko. Kana cikin karatu sai shafi ya rufe allo da tambarin Chrome, yana cewa burauzarka ta tsufa ko wayarka ta kamu da ƙwayoyin cuta, danna nan. Ƙa'idar guda ce: sabuntawa ta gaskiya daga Play Store, ko App Store, ko saitin burauzar kanta take zuwa. Babu shafin intanet, ko saƙon WhatsApp, ko imel da ke da hurumin ba ka fayil ya ce gyara ne. Akwai kuma sabon salon da ke zuwa da siffar gwajin tabbatar da cewa kai mutum ne, ya ce ka danna maɓallin Windows da R, ka liƙa wani rubutu, ka danna Enter. Wanda ya bi wannan umarni ya shigar da ɓarawo da hannunsa. Rufe shafin kawai.

In ka riga ka faɗa, kashe data da Wi-Fi nan take, cire abin da ka saka, sannan ka yi amfani da wata na'ura mai lafiya ka canza kalmomin sirrinka, ka fara da na imel domin ta nan ake sake saita sauran. Idan akwai manhajar banki a na'urar, kira bankin ta lambar da ke bayan katinka su tsare asusun.

Share abin da ya maƙale wa burauza

Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauzar kwamfuta suna iya karanta duk abin da ka rubuta a shafi. Rubuta chrome://extensions ka ga jerinsu, ka cire duk wanda ba ka tuna dalilin saka shi ba. Saƙonnin batsa ko na caca da ke faɗowa a waya kuma yawanci izini ne da ka ba wani shafi ba da saninka ba. Shiga "Settings", "Site settings", "Notifications", ka soke su. A Chrome akwai "Safety check" wanda ke duba sabuntawa da kalmomin sirrin da suka fallasa a taɓawa ɗaya.

Mai da shi al'ada

Zaɓi rana guda a mako, misali Juma'a da yamma, ka buɗe Play Store, ka sabunta burauza da WebView, ka sake kunna burauzar kwamfuta. Sau ɗaya a wata ka duba sabuntawar wayar kanta, da injin binciken da aka saita, da ƙananan manhajojin da ke maƙale. Duk aikin bai wuce minti biyar ba.

Nauyin ya fi yawa a kan masu shagon intanet da masu cike wa ɗalibai fom, da masu POS, da ma'aikatan ofis, domin bayanan da ke bi ta na'urorinsu na jama'a ne: lambar NIN, da BVN, da hotunan takardun makaranta. Wanda ya miƙo maka waɗannan amana ya ba ka, kuma sabunta burauzar da za ka shigar da su yana cikin riƙon amanar. A gida ma haka. Iyaye da kakanni da yawa suna riƙe da wayoyin da 'ya'yansu suka saya musu suka saita sau ɗaya, ba a sake dubawa ba, kuma ta cikinsu ake turo musu kuɗi. In ka gama da taka na'urar yau, karɓi ta Baba da ta Inna ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ka kunna musu sabuntawa ta kai tsaye, sannan ka gaya musu da baki cewa duk shafin da ya ce su danna don gyara waya, su rufe shi su kira ka.